Samfefar Baba Kafinta

"Riƙe shi da kyau, 'yata, ba ya cizo," in ji Baba Kafinta, yana miƙo wa Tela muzurun katako daga kan gadonsa. Kunne ɗaya ne da muzurun, sak na gasken da ke yini kan katangar layin, wanda Baba ya laƙaba wa Ciyaman don ba ya sa baki a abinci sai kowa ya matsa.

Shekara tara shagon ɗinkinta na jikin nasa. Tun da ƙarfin haɗa kujeru ya ƙare masa ya koma sassaƙa magunan layin da guntayen katako, kowace da kamanninta, har mai gutsurarren bindi. Goma sha ɗaya ne jere a tagarsa. Da yamma kuma ya zuba wa na gasken abinci a wani tsohon faranti.

"Gogewa ta rage," ya ce. "Ki ƙarasa min. Su kuma kar a bar su da yunwa."

"Haba Baba, ni da allura na saba. Kai za ka tashi ka goge abinka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke dai ki goge. Ciyaman ba ya son jira."

Washegari da hantsi 'yarsa ta leƙo shagon, ta ce Baba ya cika. Tela ta tsayar da keken ɗinki. Ta yi kuka, amma ba mai ɗaci ba, don tsohon a gadonsa ya tafi, bayan ya shanye shayinsa tas.

Alkawari kuwa kaya ne. Da yamma ta cika farantin, ta yi ta "mus, mus" har maƙogwaronta ya bushe. Ko bindi ba ta gani ba. Washegari ta buga cokali a jikin faranti, shiru. Kwana uku ƙudaje ne ke cin gara.

"Ki haƙura," mai wanki ya ce daga ƙetaren layi, yana shanya. "Mage ai ba ta da amana. Mai su ya tafi, sun yi gaba."

Maganar ta yi mata zafi. Abu biyu kacal tsohon ya roƙe ta, ga ɗaya na neman kuɓuce mata.

Rana ta huɗu ta ce, to, in ɗaya ya gagara bari a yi ɗayan. Ta zauna a bencin Baba, ta ɗauki guntun samfefarsa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, ta fara goge bayan muzurun. Ƙaras, ƙaras, ƙaras.

Wani abu ya diro daga katanga. Mai gutsurarren bindi ta fito daga ƙarƙashin wata mota, wasu biyu suka ɓullo ta bayan shago. Can sai ga Ciyaman, yana tafe kamar layin na ubansa ne.

Sai a lokacin ta gane. Kullum sai Baba ya gama guga yake zuba musu abinci. Kiransu ke nan, ita kuwa ƙarar kekenta ta hana ta lura duk shekarun nan.

"Ashe ka gaya min, Baba," ta ce a hankali, tana dariya tana share ido.

Sauran suka matsa, Ciyaman ya ci ya ƙoshi. Ya zo ya kwanta cikin garin katako kusa da ƙafarta, ita kuma ta ci gaba da goge kunnen nan ɗaya.