Muddin Ba Su Sauka Ba

Tun hantsi wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo ke shawagi can gabas, bisa fadamar da kogin Dindir ya malale, kuma duk ƙauyen an rasa mai idon da zai ce ga irin tsuntsayen. In shirwa ce, to Mato masunci na da rai: ruwa ne ya ritsa da shi a wani tudu, yana gyaran kifi, su kuma suna jiran kayan ciki kamar yadda suka saba. In ungulu ce, ba sai an faɗa ba.

Kwanaki ke nan da kwalekwalensa ya dawo a kife, shi kaɗai. Matarsa Sakina ta yi kuka har hawaye ya ƙare, ta roƙi maza su bi sawu, kowa ya sunkuyar da kai. Ba rashin imani ba ne. Jirgi ɗaya ya rage a garin, ciyawa ta fi tsawon mutum, ga kada, ga wata mashiga a tsakiyar fadamar inda ruwa ke murɗawa, wadda ta ci mutum biyu bara.

Shi ya sa yau ta ɗaure tobinta, dogon mayafin nan, a ƙugu ta taka tsani ta hau rufin makaranta, ginin bulo ɗaya tilo a ƙauyen. Tsofaffin mata na ƙasa suna tafa hannu, wai matar aure a kan soro. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Usmanu, wan Mato, yana can sama da madubin hangen nesansa. Daga yaƙin Habasha ya dawo da shi lokacin yana soja, kuma ya fi ji da shi a kan kunnensa na hagu da ya bari a can. Sai dai kowace damina raɓa na shiga cikinsa, har wani abu kamar yanar gizo-gizo ya tsiro a bayan gilashin. Ya gasa shi a kan garwashi, ya goge da bakin riga, ya hura masa iska, ya sake gogewa.

"Yaya, mi kag gani?"

"Hazo, Sakina. Hazo da ɗigo." Ya sauke hannu. "In na tabbata shirwa ta, wallahi yanzu mu tahi. Amma ba ni jefa mutane shida cikin mashigag ga don gawa. Gawa tana iya jiran ruwa shi janye."

Gawa. Da bakinsa ya faɗa, a kan ƙanensa. Ta ji kamar ta ture shi daga rufin, amma ta san ba ƙarya ya yi ba.

Sai ta tuna da Ustaz Mahmud, malamin makarantar, ɗan birnin Madani, wanda ya sayar da kekensa ya sayi madubin Jamus don kawai ya riƙa kallon tsuntsaye. Mutumin da ba ya harbi, ba ya ɗana tarko, kallo kurum! Duk garin ana yi masa dariya, kuma Sakina na cikin masu ƙarfin murya. Yau ita ce ta sauka da gudu ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

Ya hau rufin yana haki, da akwatin fata a rataye a wuya. Da ya ga madubin Usmanu sai idonsa ya yi haske, ya manta abin da ya kawo shi. Ya karɓa ya jujjuya, ya shiga bayani da Larabci.

"Wannan aikin Ingilishi ne, a zamaninsa ba shi da na biyu. Ya fi nawa jawo abu kusa ma. Amma dubi mahaɗinsa, duk ya saki, ta nan damshi ke shiga. Nawa an toshe shi da roba. Ka ga wannan shuɗin da ke kan gilashin? Shi ke hana hasken ruwa kashe ido. A ƙasa mai zafi da laima irin tamu, ba girman madubi ake dubawa ba..."

"Ya Ustaz," in ji Sakina, "ba saye na zo yi ba."

Kunya ta kama shi. Ya ɗora madubinsa a ido, ya murza ɗan ƙarfen tsakiya, ya tsaya cak. Mutumin da ke gane tsuntsu tun daga inuwarsa sai ga shi yana cewa wai idonsa ya gaji, Usmanu ya gwada. Usmanu ya miƙa hannu. Kafin ya kama, Sakina ta fizge.

Ba ta taɓa ganin duniya haka ba. Fadamar ta taso ta zo gabanta, kowane ganye da iyakarsa, har ƙyallin ruwa tsakanin ciyawa. Ta ɗaga sama tana neman wutsiya mai baki biyu irin ta shirwa. Abin da ta samu faffaɗan fiffike ne mai yatsu a ƙarshe, da guntuwar wutsiya, da wuya tsirara. Madubin bai rage mata komai ba.

"Ungulu ta," ta ce.

Usmanu ya fara salati. Ita kuwa ba ta sauke madubin ba. Tana bin su ɗaya bayan ɗaya, suna zagayawa, suna yin ƙasa har su kusa taɓa kan ciyawa, sai su sake ɗagawa.

"Yaya! Ba su sabka ba. Tun hantsi suna nan, ko ɗaya ba ta sabka ba. Ungulu na jiran gawa? Akwai abin da ka motsi ƙasa nan, shina korassu. Ƙanenka na da rai!"

Usmanu ya dubi Ustaz. Ustaz ya gyaɗa kai a hankali, ya ce haka ɗabi'arsu take.

Tsohon sojan ya warware farin rawaninsa ya ɗaura a kan gora, ya danƙa mata.

"Halas, shi ke nan, mun tahi. Cikin ciyawa ba mu ganin komi sai rufin ga. Muddin suna sama, ki bar wanga a tsaye. In sun sabka, ki kwantar da shi, mu juyo kafin mu kai mashiga. Rayukan mutane na hannunki, Sakina. Kin ji?"

"Na ji, Yaya."

Ya sauka ya bar tsohon madubinsa a kan rufin, tun da ba shi da sauran amfani. Ba a jima ba jirgin ya kutsa cikin ciyawa, ba a ganin komai sai kawunan gorar tuƙi suna tashi suna nitsewa.

Rana ta take. Gumi na shiga mata ido, kafaɗunta sun yi tsami, hannu ɗaya na riƙe da gora, ɗaya da madubi. Tana addu'a, tana kiran sunan da ba ta taɓa faɗa a gaban mutane ba. Jirgin ya wuce rabin hanya, ya doshi mashigar nan, inda ruwan ke canza launi.

A nan ne wata babba daga cikin ungulayen ta naɗe fukafukanta, ta saki ƙafafu, ta faɗa cikin ciyawa. Sakina ta jira ta ga ta taso. Ta jira. Sai wata ungulu ta bi sawun ta farko.

Ta sauke madubin Jamus ta miƙa wa mai shi.

"Wanga ya yi min nauyi, Ustaz. Miƙo min na Yaya."

Ustaz Mahmud ya dubi gabas, ya dubi matar, ya dubi farin rawanin da ke kaɗawa a kan gora. Madubinsa na hannunsa, ɗagawa ɗaya ta ishe shi ya sani. Ya buɗe akwatin fatar ya saka shi, ya ja maɗauri.

Sakina ta kafa tsohon madubin a idonta. Hazo ne, da wasu ɗigo-ɗigo da ba za a ce ga inda suke ba. Ta ƙara ɗaga gorar sama.