Tsuntsun da Ya Sauka Bisa Kamiyona

Shekarar da soja sunka karɓi mulki, ina tuƙa kamiyon taimako, babbar motar kaya. Jar dawa nika kaiwa daga Tawa zuwa Barmu. Wani sajan ya ce mini in kayan nan sunka kwana bisa hanya, ni ma sai na kwana kaso. Na ce na ji.

Mushe Alhusaini, tsohon malamin lakkol (Mushe laƙabin malaman boko ne), ya roƙe ni in rage mishi hanya, an sa sunanshi cikin takardar tafiyata. Yana rataye da madubin hangen nesa, ga wani littafi cike da hotunan tsuntsaye. Mutane na neman abin ci, shi yana neman abin kallo.

Injin ya yi zafi kusa da wani ƙauye, na tsaya shi huce. Mutanen garin sun yi kwana arba'in suna ginar rijiya, sai ƙasa busassa. Muna nan sai wani farin tsuntsu mai baƙin baya ya sauka bisa tamfol ɗin da ya rufe kayan.

Mushe ya ɗaga madubinshi.

"Malam Ma'azu, kada ka motsa! Wanga tsuntsun teku ne."

"To shi koma tekun."

"Iri biyu ne cikin littafi. Sai na ga launin ƙafarshi."

Tsuntsun kuwa ya kwanta bisa ƙafafunshi kamar kaza.

Wata tsohuwa, Tanna, wadda maginan ke jin maganarta fiye da ta maigari, ta matso. "Mushe, ina irin wanga ke zama?"

"Inda ruwa mai yawa, Inna. Ba shi sauka wani wuri."

Ta dubi tsuntsu, ta dubi ƙasan motar, ta kira maza. Kafin in rufe bakina sun taho da diga da kwanduna, sun fara gina gefen tayar baya.

"Inna, mota ce fa! Ta gwamnati!"

"Ɗana, ruwan ma na gwamnati ne in ya fito. Kada ka tada ta, shi tashi."

Ni na san abin da ya kawo shi. Akwai ƙullin busasshen kifi da na ɓoye ƙarƙashin tamfol, saƙon matata Kadidiya zuwa ga uwarta. Na faɗa musu. Tanna ta ce ai ga hujja ta biyu, kifi ma ya zo wurin.

La'asar ta yi, rami ya kai gwiwa, motar ta fara karkata. Mushe na kwance rub da ciki yana roƙon tsuntsu shi miƙe.

Na hau, na jawo ƙullin, na ɗora bisa kai, na nufi kwari inda na ga gawo uku da sauran ganye. Tsuntsu ya biyo ni yana kuka kamar jaki. Bayanshi Tanna, bayanta masu diga, can ƙarshe Mushe yana ihu, "Ƙafar rawaya ce! Rawaya!"

Na zazzage kifin gindin gawo, na dawo da gudu. Ba kowa wurin motar. Ni kaɗai na cike ramin da hannu, na sa duwatsu, na fidda taya.

Na shiga Barmu ana kiran magariba. Sajan ɗin da ke karɓar kaya can ya dubi takarda, ya ce mutum biyu anka rubuta, ina gudan?

Na ce yana ginar rijiya.

Ya buga hatimi.