Finjalin Darakta

Borka ta dangwarar da tiren finjalai a kan teburin taro da ƙarfi, har gahawar Darakta ta fantsama a kan takardarsa. Ba ta ba shi haƙuri ba. Shekara ashirin da uku tana dafa wa ma'aikatan kamfanin inshorar nan na Sabuwar Belgrade gahawa a 'yar tukunyarta ta jan ƙarfe, amma jiya aka miƙa mata takarda: daga Litinin inji zai karɓi aikinta.

Ga injin can a lungun ɗakin, baƙi ƙirin, ko ledarsa ba a cire ba. A samansa an manna hoton wata mata da kwando a kafaɗa, tana dariya haƙora waje.

Wata budurwa mai suna Tijana ce ke bayani. Ƙungiyarsu ke bin ofisoshi da shagunan unguwar tana tallar gahawar da ake biyan manominta haƙƙinsa cikakke.

"Wannan ita ce Rosaura, manomiyar gahawa can ƙetaren teku," in ji Tijana, tana nuna hoton. "'Ya'yanta huɗu. Duk finjalin da kuka sha, kun taimaka mata ta riƙe gonarta."

Aka yi tafi. Har da Zoran, wanda Borka ta yi shekara goma tana ɓoye wa matarsa cewa bai daina shan taba ba.

"'Yar nan," in ji Borka, "ni 'ya'yana nawa?"

Tijana ta yi turus, ta kira ta Teta, wato Goggo, yadda ake kiran dattijuwa a garin. "Afuwan, Teta, ban san..."

"Ba ke nake tambaya ba. Su nake tambaya."

Wannan ya duƙufa a wayarsa, wancan ya hau gyaran abin wuya.

"Teta Borka," in ji Darakta Vuksan cikin lallashi, "ba nan ne wurin maganar ba."

"To ina ne wurinta? Cikin lif? Abin da kuke sha yanzu, gahawar Rosaurar ce. Ɗazu na karɓi ƙunshi ɗaya wajen yarinyar nan, na dafa a tukunyata. Ya kuka ji ta?"

"Gaskiya ta yi daɗi," in ji Zoran, murya ƙasa-ƙasa.

Abin da ya fi ƙona wa Borka rai ke nan. Ta so ta same ta lami, ta samu abin zagi, sai ta ɗanɗana ta ji rabonta da irinta tun tana amarya.

Tijana ta matso da sauri. "Ranka ya daɗe, muna sayar da niƙaƙƙiya ta tukunya. Ba dole sai da inji ba. Ni ban san akwai wadda za a..."

"An riga an sa hannu," in ji Darakta. "Ofishin zamani ne, baƙi na zuwa daga waje."

"Ashe adalcin naku sai mutum ya yi nisa," in ji Borka. "Da a ƙetaren teku nake, da yanzu hotona na bango."

Ta hau tattara finjalai tana gwara su.

Darakta ya shanye tasa. Ba tare da ya lura ba, hannunsa ya yi abin da ya saba kowace safiya: ya kife finjalin a kan faranti, ya tura mata. Tun yana ƙaramin ma'aikaci take yi masa duba da garin gahawar da ya kwanta a gindin finjali. A nan ta gano masa aurensa, ta gano masa wannan kujerar.

Borka ta ɗauka, ta juya shi a haske, ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga gira. Sai ta tsoma babban yatsa ta share zanen da garin ya yi tas.

"Me kika gani?" ya tambaya, muryarsa ta canja.

Ta goge yatsan a jikin rigar aikinta, ta ɗauki tire.

"Ka tambayi injin ranar Litinin."