Itace Na Goma Sha Huɗu

Merle Tuckwell tana sauke bokiti na biyu daga bayan motarta sai ta ga jan fenti a jikin itacen baffanta. An zana shi da tsabta, daidai tsayin ƙirji, aikin mutumin da aka ba umarni a rubuce.

Itatuwan turare arba'in da biyu ne suka yi layi a hanyar shiga garin Darrawil, ɗaya ga kowane saurayin gundumar da ya tafi Yaƙin Duniya na Farko, kowanne da farantin tagulla mai suna a gindinsa. Na goma sha huɗu na Alby ne, yayan mahaifinta, wanda ya tafi yana ɗan shekara goma sha tara, bai dawo ba. Al'adar garin ita ce kowane gida ya shayar da nasa. Tun da fari ya kama, Merle take tara ruwan wankanta ta kawo duk mako. Bokiti ɗaya na Alby ne, ɗaya kuma na itace na goma sha biyar, na mahaifin aminiyarta Glenys Haddow, domin ƙugun Glenys ya daɗe da yin murabus daga ɗaukar kaya.

Trevor Maddern, shugaban ma'aikatan hanya, ya ajiye injin zarto ya cire hula.

"Anti Merle, don Allah kada ki kalle ni haka. Ni zarto aka ba ni, ba alƙalami ba."

"To wa aka ba alƙalamin?"

Ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kamar a nan aka rubuta amsar.

Ta san da maganar saran. Majalisar gunduma ta ce itatuwan sun cunkushe, rassa suna faɗowa kan manyan motocin alkama, dole a rage goma sha ɗaya. Da yake babu kansilan da ke son a gan shi da laifin, sai aka girmama Ƙungiyar Tarihi da aikin zaɓa. Merle 'yar ƙungiyar ce, amma makon da aka zauna tana asibitin birni ana cire mata yanar ido. Glenys, sakatariyar ƙungiyar, ta je dubiya da kek mai lemo, ta riƙe hannunta ta ce, "Kwantar da hankalinki, an yi komai bisa ƙa'ida."

Ga ta nan tafe kuwa, tana dogara sanda, da kwali a hammata da sukundireba a aljihun riga. Da ta hango Merle sai tafiyar ta ƙara nauyi.

"Ke Merle, ba Laraba kike zuwa ba?"

"Talata, Glenys. Shekara shida ina shayar da babanki ranar Talata."

"Ai na so in zo gida in yi miki bayani a tsanake."

"Ga ni, ga tsanaki. Yi."

Glenys ta gyara tabarau, ta ɗauko muryar da take karanta bayanin taro da ita. Ƙungiya ta amince a bar duk itacen da mai shi ke da zuriya kai tsaye a gundumar, wato 'ya'ya ko jikoki. 'Yar ƙane, da baƙin ciki, ba ta shiga wannan ma'anar ba.

"Da wa zai haifa? A jirgin ruwa, ko a cikin ramin fagen yaƙi?"

"Dole a sa iyaka a wani wuri, 'yar'uwa."

Merle ta bi layin da sabon idonta, wanda likita ya ce zai nuna mata abubuwan da ta daɗe ba ta gani ba. Ta ga fenti a na uku da na huɗu, 'yan biyun gidan Roediger. Ta ga na tara, ɗan mai ƙira. Ba ta buƙaci ƙarasa ƙirgen ba, domin sunayen nan ta haddace su tun tana 'yar makaranta. Su ne ake karantawa da asubahin ranar tunawa da mazan jiya, kowa ya yi shiru, mai ƙaho ya busa. Waɗanda suka dawo sun buɗe kantuna, sun yi aure, sun cika gundumar da jikoki. Goma sha ɗaya ne ba su dawo ba, balle su samu sukuni.

"Ashe su ɗin dai aka sake turawa gaba," in ji ta.

Trevor ya yi tari. "Gaskiya, Anti, injiniya da farko cewa ya yi a sare waɗanda suka karkato kan titi."

"Trevor, wa ya sa bakinka?" in ji Glenys.

Merle ta ɗaga kai. Itace na goma sha biyar ya karkato kan titi kamar mai leƙen gidan maƙwabta. Na Alby yana tsaye cak.

"Wa ya kawo shawarar zuriya, Glenys?"

"Kowa ya ɗaga hannu."

"Ba tambayata ke nan ba."

"Babana ne, Merle. Da ke ce, me za ki yi?"

"Da na gaya miki. Ko da kek a hannuna."

Glenys ta ce za a goge farantan, a jera su cikin akwatin gilashi a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, har da fitila a kansu, kuma za a riƙa buɗewa duk Lahadin farkon wata. Merle ta miƙa hannu ta karɓi sukundireban. Ta durƙusa da ƙyar, ta kwance ƙusoshi huɗun farantin Alby da kanta. Ta juye ruwan bokitin farko a gindin Alby a hankali, yadda ta saba, ta jira ƙasa ta shanye, sannan ta sa farantin a cikin bokitin.

"Wannan kayan ƙungiya ne," in ji Glenys, murya ƙasa-ƙasa.

"Ki rubuta an ɓatar."

Trevor ya tsaya da zarto a hannu, bai ja igiyar tayar da injin ba. Merle ta ce masa ya bari ta sha kwana tukuna.

Saura bokiti ɗaya, cike har baki. Merle ta ɗauke shi, ta wuce itace na goma sha biyar, ta dire shi a gaban takalmin Glenys.

"Talata ake ba shi," in ji ta. "Ke ce zuriya."