Aguwar Baba Magagi

"Aje butag ga, Habsa! Kashe min su za ki yi?"

Habsa ta daskare da buta a hannu. Baba Magagi, maƙwabcinta, yana zaune a ƙasa a bakin gidanta yana haki, gabansa jerin sandunan aguwa, iccen shingen nan mai nono, da ya kafa mata, tsirara, ko ganye ɗaya babu.

"Baba, ƙasar ta bushe ƙamas. Icce ba ruwa?"

"Wagga ba a ba ta ruwa. In kin yanke ta ki bar ta ta sha iska, nonon ya ƙahe, ki kahe ta cikin rani ki tahi abinki. Ruwa ka ruɓar da ita. Damina ta san aikinta."

Gidan Habsa shi ne na ƙarshe a unguwar, a gefen garin Filinge, fuskarsa ga hanya. Tun rasuwar mijinta, duk hadarin farko sai iskar gabas ta kwantar da darninta na kara, tsakar gida ta zama filin kallo. Ran kasuwa mutanen da ke saman manyan motoci har tukunyarta suke gani. Ita da 'ya'yanta mata ba su isa su cire kallabi ba, wanka kuwa sai an tare da zane. Abin yana cin ranta, ba ta dai faɗa wa kowa ba.

Magagi bai tambaye ta ba. Ganin amalanke kawai ta yi cike da aguwa, doguwa har kafaɗa. Tari ya riga ya cinye shi, ya haƙa rami biyu ya huta, ya haƙa ɗaya ya jingina. Matarsa Mairama ta yi faɗa har ta gaji.

"Bar ni," in ji shi. "Ɗiyan mutane na a waje."

Habsa kuwa, zuciya ba ta bar ta ba. Mutum ya yi maka wannan wahala, kai ko ruwa ba ka zuba ba? Sai ta riƙa faƙar idonsa tana shayar da na can kusurwa, inda shingen ya lanƙwasa ya haɗu da gidansa.

Ranar da ya kafa na ƙarshe, da kyar ya miƙe. Bai sake fitowa ba. Ya rasu ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Habsa ta yi kuka kamar ubanta ne.

Hadarin farko ya zo, darni ya faɗi kamar kullum. Aguwa ta tsaya. Kafin a gama noman farko ta yi ganye ta rufe ruf, sai wadda Habsa ta shayar: ta ruɓe, ta bar kafa daidai wucewar mutum ɗaya.

Ta nan Habsa ta bi da kwanon tuwo zuwa wurin Mairama, wadda ke takaba.

"Ni na kashe su, Inna. Ban ji maganarsa ba."

"Ai ya gane ki," in ji Mairama. "Ya san za su ruɓe. Cewa ya yi kak a toshe wurin. Ta nan za ki riƙa leƙo ni."

Ran Lahadi motocin kasuwa suka yi ta wucewa. Habsa tana zaune a tsakar gidanta, kai ba kallabi, babbar 'yarta tana yi mata tsifa.