Kyanwar Kiwo

Tun ranar da Toka ta mutu kaskonta yake kife a gindin randa. Tambara takan share kewaye da shi kowace safiya, ba ta ɗauke shi ba, ba ta kuma buɗe shi ba.

Toka kyanwa ce, kuma asali ba ta Tambara ba ce. Ta maƙwabcinta ce, marigayi Mainasara mai gyaran rediyo. Da ya rasu, magada suka kulle gidan suka koma garuruwansu, kyanwar ta hau katanga tana kuka, yara suna jifanta. Tambara ce ta sauko da ita da ɗan nono a kasko, haƙarƙarinta duk a waje. Suka zauna tare har haƙoran Toka suka zube. Yanzu Tambara ta haura saba'in, gwiwoyinta sai da lallashi, don haka ta yanke shawara: ta gama da kyanwa. Ba za ta yarda wata rana a ga tata a kan katanga ba.

Ɓeraye ne suka fara jin labarin, sai kuma Ɗangoma, taubashinta, wanda suka taso tare a wani ƙauye kusa da Tabla kafin zama ya kawo su Filinge. Kullum da hantsi yakan dogara sandarsa ya zo ya zauna a kan turmi don ya tsokane ta.

"Ranki ya daɗe, magajiyar ɓeraye," in ji shi. "Na ji jiya talakawanki sun yi buki a buhun wake."

"Da su da kai duk ɗaya ne, Ɗangoma. Ku ci nawa, ba godiya."

"Ki samo mussa mana, tsohuwa."

"In na tafi kai za ka riƙe ta? Kai da ko hularka ba ka san inda ka aje ba?"

Ran Lahadi, bayan kasuwa ta watse, sai ga Dijatu, ɗiyar ƙanwar Tambara, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta sauke kwando a tsakar gida, kwandon ya yi wani ɗan siririn kuka.

Tambara ta kau da kai. "Fitar min da ita. Ba na ko son ganin launinta."

"Fara ce, Inna, da baƙin kunne ɗaya."

"Wa ya tambaye ki?"

Dijatu ta durƙusa kusa da ita. "Ba kyauta na kawo miki ba. Tawa ce, a ƙarƙashin rumfata na tsince ta. Amma ni ina kasuwa wuni, yarana kuma sai sun tsinke mata wutsiya. Kiwo na kawo miki, kamar yadda kike ba mutane awaki a ƙauye."

Wannan abu ne da Tambara ta sani kamar tafin hannunta. Mai akuya yakan ba wani ya riƙe, amma akuya tana da gida. Ko mai kiwo ya gaji, ko ya rasu, ba a barin ta a titi, gidan mai ita take komawa. Ta saci kallon kwandon. Baƙin kunnen ya leƙo.

"Kiwo ba ya yiwuwa sai da shaida," ta ce a hankali.

Ɗangoma ya gyara zama a kan turmi, ya miƙa hannu. "Shaida ba ya gani sai da goro."

Aka ba shi ɓari. Ya tauna, ya yi gyaran murya irin ta alƙalai, ya shaida cewa uwa, wato ita kyanwar, ta Dijatu ce har abada. Tambara kuma ta kafa nata sharaɗi: kowace Jumma'a Dijatu za ta zo ta ba kyanwar abinci da hannunta, don ta san mai ita tun da wuri. Sannan ta sunkuya da ƙyar, ta buɗe kaskon, ta ɗauraye shi. Tunda ran Lahadi ta zo, aka raɗa mata suna Ladi.

Gidan ya sake yin motsi. Ɓeraye suka kwashe nasu suka ƙaura. Ladi ta koyi kwana a kan ƙafafun Tambara, daidai gwiwar da ta fi ciwo. Idan maƙwabta suka ce, "Tambara, ashe kin sake yin kyanwa?" sai ta gyara musu da natsuwa, "Ba tawa ba ce. Riƙo nake."

Damina ta wuce, aka yi girbi, wata daminar ta kawo kai. Wata safiya Tambara ta nemi Ladi ta rasa. Ta duba bayan randa, ta duba rumbu. Can ta ji motsi a cikin babbar kwallar da ke ƙarƙashin gado, wadda murfinta ya zame. A nan ta ajiye farin yadin da ta tanada don ranar tafiyarta. Ladi tana kwance a tsakiyarsa, 'ya'ya uku suna tsotso.

Tambara ta tsaya tana kallo, ta rasa faɗa za ta yi ko dariya. Da Ɗangoma ya zo ya leƙa, sai da ya riƙe bango don dariya.

"To, tafiya ta fasu ke nan," in ji shi, yana share hawaye. "Sai an yi wanki!"

Ran Jumma'a, da Dijatu ta iso, Ɗangoma ya sake hawa turminsa na shari'a. "Ni ne shaida, kuma kowa a nan ƙasarmu ta Kurfai ya san ƙa'ida. Uwa ta mai ita, 'ya'ya na mai kiwo. Tambara, kin ƙi ɗaya, ga uku, naki na kanki."

Fara'ar Tambara ta ɗauke. Ta dubi 'yan ƙananan da ko idanunsu ba su buɗe ba, sai katangar Mainasara ta faɗo mata a rai. Ta jima tana murza carbinta. Daga nan ta kwance bakin zanenta, ta ciro goro guda cur, ta miƙa wa Ɗangoma.

"Shaida, buɗe kunnenka. Nawa ne, ko?"

"Naki ne."

"To na ba Dijatu su duka, kyauta, duniya da lahira. Ita kuma za ta ba da kiwo. Biyu a wurina, jan nan mai kwaɗayi a wurinka."

"Ni? Da tsufana?"

"Ba naka ba ne. Riƙo za ka yi."

Ɗangoma ya buɗe baki zai yi musu, sai Tambara ta ɗora masa ɗan jan a tafin hannu. Ya rufe bakin. Ya fara shafa shi da yatsa ɗaya.

Dijatu ta dafe kai. "Inna! Su kuma in sun haihu fa? Ranar da kuka tafi, ina zan sa ƙafata a gidana?"

Tambara ta jawo kasko, ta tsiyaya nono, ta tura shi gaban Ladi.

"Sai ki dage da yi mana addu'ar tsawon rai," ta ce.