Hayaƙin Inna Tabawa

Zazzaɓin ya kama Barira tun da hantsi, amma ba ta yarda ta kwanta ba sai bayan azahar. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ta ja mayafi har wuya, duk da zafin da ake zubawa a Kura ran nan. Daga ɗaki tana jiyo tarin mahaifiyarta, Inna Tabawa, tari mai zurfi kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe.

Shekara talatin Inna tana gumin shinkafa: ta jiƙa, ta turara a kan wutar itace, ta shanya, a kai inji. Da sana'ar nan ta ɗauki nauyin Barira, autarta, har ta gama karatu a Kano. Satin da ya wuce likita ya duba hoton ƙirjin Inna, ya ce in ta sake komawa gaban hayaƙi, abin zai fi ƙarfinsa.

Ita kuwa Barira Allah ya yi ta da dabara. Tana da wani littafi da ta cika da tunane-tunanen gyara rayuwar mutane. Kowanne sai ta ɗauko shi da zafi, ta tara jama'a ta yi musu bayani har su ji kamar gobe za a fara, sai wani sabo ya faɗo mata, ta watsar da wancan. Na baya-bayan nan shi ne gawayin buntu: a ƙona buntun shinkafar da ke jibge a bayan injina, a cura shi, a samu makamashi marar hayaƙi. Matan gumi na unguwar sun sa mata gobe ta zo ta nuna musu. Sau biyu tana gwada curin yana wargajewa. Ga shi kuma goben ne Nafi'u, abokin karatunta, ya sama musu gurbi a wata gasar masu sababbin dabaru a Kano, inda za su gabatar da manhajar waya da ko rabinta ba su gina ba. Da safe ya kira ta ya ce mota ƙarfe bakwai, in ba ta zo ba wani zai maye gurbinta.

Tana cikin juya wannan a ranta idonta ya yi nauyi. Karan rumfar suka fara nisa da ita, tabarmar ta yi laushi, ta yi laushi, har ta ji tana nutsewa.

Ashe a cikin buntu take. Tsibinsa ya zama tsauni, ba gida ba bishiya, sai launin ruwan ƙasa iya ganinta, kuma duk motsin da ta yi sai ta ƙara zurmawa. Ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu. Ta buɗe baki za ta yi ihu, sai wani hannu mai kaushi ya damƙi wuyan hannunta ya fizgo ta.

Wata tsohuwa ce, toka ta rufe ta daga kai har ƙafa, idanunta jajaye suna zubar da ruwa ba tare da tana kuka ba. A kanta akwai tukunya a kife.

"Kaka, ina ne nan?" in ji Barira.

"Inda kike ajiya," in ji tsohuwar. "Taho, rana na gudu."

Barira ta ɗaga kai. Da gaske ranar gudu take yi, tana gangarawa yamma kamar ƙwaryar da aka sako daga tudu.

Suka sauka cikin wata kasuwa. Rumfuna reras, amma ba ƙamshin komai, don duk abin da ke ciki ɗanye ne. Ƙosai ƙullu ne, tukwane laka ce jiƙaƙƙiya, riguna yadi ne da aka yanka ba a ɗinka ba. Ba mai ciniki, kowa zaune yake yana kallon hanya. Da ta shigo, sai duk wuyoyi suka juyo lokaci guda.

A rumfar farko ga wani keke mai ƙafa uku, amma ba ƙafa ko ɗaya, a kan duwatsu aka ɗora shi. Malam Ilu, maƙwabcinsu mai haya da keke, yana riƙe da kan keken, yanar gizo ta haɗe hannunsa da ƙarfen. A baya wata mata ce mai tsohon ciki tana cije leɓe. Barira ta tuna: bara ta tara masu keke bakwai a kan su riƙa karɓa-karɓa wajen kai masu naƙuda asibiti. Taro ɗaya aka yi.

"Malama Barira," in ji Malam Ilu, muryarsa ba fushi, "kin ce mu jira kira. Yau ne?"

Kafin ta amsa, keken ya ƙanƙance ya zama kamar ɗan tsako, ya yi tsalle ya maƙale a hannunta. Nauyinsa kuwa na keke ne sosai.

Ta yi gaba da sauri. Wani akwatin gilashi da ta taɓa zanawa don busar da tumatir ya buɗe murfinsa, ruɓaɓɓen ruwa na ɗiga daga gefensa, ya ce, "Kin yi mini baki ba ki yi mini hanci ba. Ta ina zan yi numfashi?" Shi ma ya ɗafe ta. Wani mudu, na shirin da ta yi na mata su haɗu su riƙa sayen hatsi a sari, ya mirgino yana kiran sunanta. Kafin ta kai ƙarshen layin, hannuwanta biyu sun cika har haɓa, tana tafe tana tangaɗi.

"Kaka, ki kama mini mana."

"Ba ni na haifa ba," in ji tsohuwar, ko waiwaye ba ta yi ba.

Ƙarshen kasuwar ƙofa ce ta gilashi, ta buɗe da kanta. Sanyi ya bugi Barira. Wani babban ɗakin taro ne, kujeru hawa-hawa har inda ido ba ya kaiwa, cike da mutane cikin kaya masu tsada. Amma a inda fuska ya kamata ta kasance, kowannensu madubi ne. Duk inda ta duba kanta take gani, ta yi kyau, ba gumi, ba kayan da ke hannunta. Nafi'u na tsaye a kan dandamali yana yafito ta.

"Yi magana, Barira! Ko me kika faɗa suna so."

Ta ce, "Ina da wata dabara." Ɗakin ya ɗauki tafi. Ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta ce, "Za ta canja rayuwar talaka." Tafin ya ninka.

Wani madubi a layin gaba ya ce, "Mutum nawa?"

"Miliyan," in ji Barira.

Suka miƙe tsaye suna tafi. Sai tsohuwar, wadda ta rakuɓe a bakin ƙofa ba wanda ya ba ta kujera, ta ce a hankali, "Faɗi sunan ɗaya."

Barira ta buɗe baki. Ta lalubi cikin miliyan ɗin nan, ba ta samu kowa ba. Tafin bai tsaya ba, amma sautinsa ya fara sauyawa. Ya yi kauri, ya yi zurfi, yana yankewa yana dawowa. Ba tafi ba ne. Tari ne, kuma ta san mai shi. Madubai suka dushe ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na fitowa daga ƙarƙashin kujeru.

"Inna!"

Ta juya da gudu. Nafi'u ya kama gefen mayafinta yana cewa saura minti biyu a kira sakamako, mayafin ya zame ya bar shi da shi.

Ta faɗa wani fili da ba sama ba ƙasa, sai murhu. Duwatsunsa uku kowanne ya kai tudu, a kansu an girka wata tukunya da bakinta ya shige cikin gajimare. Can a gindin murhun ga Inna Tabawa, 'yar mitsitsiya kamar tururuwa, a durƙushe tana tura itace. Hayaƙin ba sama yake yi ba. Murɗewa yake kamar igiya, yana shiga bakinta, yana janta cikin wutar sannu a hankali.

A saman kayan da ke hannun Barira akwai curin gawayinta. Ta sa haɓa ta ture su cikin murhun. Tun kafin su kai ƙasa suka zama gari, suka bi iska suna cewa, "A takarda aka cura mu."

Dutsen da ke dama ya yi gyaran murya, ƙasa ta girgiza.

"Wace ce wannan mai kawo mini abinci ba ta san cikina ba?"

"Na yi karatun wuta," in ji Barira. "Na san zafin da ake buƙata, na san..."

"Kin taɓa zama a nan?" in ji dutsen hagu. "Daga ɗora tukunya har saukewa?"

A gidan gumi aka haife ta, amma kullum in aka hura wuta Inna kan ce ta shiga ɗaki ta yi karatunta, kada hayaƙi ya ɓata mata ido. Ita kuwa ba ta taɓa musu ba.

Ta dubi dutse na uku ko zai ce wani abu. Sai ta lura ba dutse ba ne, bayan mutane ne, mata da yawa a sunkuye kafaɗa da kafaɗa, tukunyar na kan gadon bayansu.

Igiyar hayaƙin ta ƙara ja. Gwiwoyin Inna suka bar ƙasa.

"Kaka, ki cece ta! Don Allah, Kaka!"

"Ni toka ce, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Sai an gama nake zuwa. Ke ce mai hannu."

"Hannuna a cike yake!"

"Na gani."

Kayan suka ƙara ƙanƙame ta. Keken na kuka da muryar mai naƙuda, mudun na cewa kada ta yar da shi karo na biyu, akwatin na roƙon ta yi masa hanci kawai. Ba na banza ko ɗaya a cikinsu, ta sani, kuma kowanne da mutanen da ke jiransa. Ranar ta taɓa ƙasa, ta fara nutsewa. Zafi ya lashi fuskarta. Inna ta waiwayo, ba ta ce a cece ta ba, leɓenta kawai ya motsa: shiga ɗaki, Auta.

Barira ta runtse ido, ta ware hannuwanta biyu. Ta ji ƙarar zubewar kaya, ta kai hannu cikin hayaƙin, yatsunta suka taɓa wani abu mai ɗumi.

Ta farka a zaune, jiƙe sharkaf da gumi, hannunta a miƙe. La'asar ta yi sanyi. Hancinta ya gaya mata tun kafin idonta ya gani: an hura wuta a bayan gida.

Ta tashi, jiri na ɗibarta, ta bi bango. Inna Tabawa na durƙushe gaban murhu, ta toshe baki da gefen zane don kada tarinta ya tashi mai barci. An kawo buhu biyu da rana, mai shinkafar kuma jibi yake son kayansa.

"Inna, me likita ya ce?"

"Likita zai jiƙa wa mutane shinkafarsu ne? Koma ki kwanta, jikinki rawa yake."

Barira ta durƙusa kusa da ita, ta zare itacen daga hannunta, ta tura shi cikin murhun. Hayaƙin ya doki idonta, hawaye ya zubo nan take. Ba ta taɓa sanin haka yake da ɗaci ba.

"Matsa can inda iska take, ki riƙa gaya mini. Yaya kike son wutar a farko? Yaushe kike rage ta?"

Daga tsakar gida waya ta fara ƙara, ta yanke, ta sake farawa.

"Ba za ki ɗauka ba?"

"Faɗa mini tukuna."

Inna ta ja jiki ta jingina da bango, ta yi tari har sai da ta dafe ƙirji. Da numfashinta ya dawo, ta nuna murhun da haɓa.

"To, janye wannan babban. Kin cika mata ciki, shi ya sa take hayaƙi."